Yadda Malam ya zama Bahago

Me ya sa ya bari sai ranar ƙarshe? Damina biyu ke nan da rasuwar maigidana Malam, kuma duk asubar da na sallame salla sai na yi wa kaina wannan tambaya. Shekara arba'in da ɗoriya muna aiki a shagon hoto ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa a cikin duhu. Babu ranar da ba zai iya faɗa ba. Amma ya riƙe maganar a cikinsa har sai lokacin da ba zan samu bakin ba shi amsa ba.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Mai rubuta wannan jikata ce, Hadiza, wadda aka sa wa sunana, shi ya sa nake ce mata Takwara. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kar ta sa min Faransanci a baki. In ta ga na yi shiru ta jira, kuka ne, zai wuce.

Shekaranjiya ita da ƙawayenta biyu suka tarar da ni a inuwar tsakar gida, na buɗe gwangwanayen negatif na tsofaffin hotuna suna shan iska, don raɓar Abidjan ba ta barin komai ya zauna lafiya. Ɗaya daga cikinsu ta ɗaga waya ta ɗauke ni, ta shafa yatsa, sai ga ni na koma baƙi da fari. Ta kira ni Mémé, yadda yaran nan ke kiran kaka mace da Faransanci.

“Mémé, kin gani? C'est facile, ba wuya. Aikinku na shekara arba'in ke nan a kan yatsa ɗaya.”

Na ce, “Miƙo in gani.” Ta miƙo. Zanena ya fito tas, fuskata kuwa kamar gindin tukunya. Na ce, “To ina ni ɗin?” Suka yi ta dariya. Suna cikin dariyar Takwara ta ce, “Wai Mémé, me ya sa ake ce wa Kaka Bahago? Ni na tashi na ga da dama yake cin abinci.”

Ba wanda ya taɓa yi min wannan tambaya, don mutanenmu duk sun ɗauka sun san amsar. Na ce mata ta nemo littafi ta zo ranar da ba ta da makaranta. Amma kafin mu kai ga sunan sai kun san aikin. In ba ku san aikin ba, ba za ku gane ɓarnar ba.

Hoton farko da na ga ya fito a idona na wata tsohuwa ne mai sayar da daddawa a kasuwar Guro. Lokacin watana uku da zuwa daga Madawa, ina amarya. Shagon Malam yana Treichville, ɗakinmu na bayansa, tsakaninsu kuma akwai wani ɗan lungu da Malam ya toshe ko'ina da baƙin ƙyalle, ko tsinin allura na haske ba ya shiga. Ya kira ni in riƙe masa wani abu. Na shiga na ga jan ƙwan lantarki ɗaya yana ci a sama, ga tire uku a jere da ruwan magani, warinsu kamar na tsami. Ya sa farar takarda a na farko yana girgiza shi a hankali. Sai na ga idanu biyu suna tasowa daga cikin ruwa, ba hanci, ba baki. Na yi salati na ja da baya, saura kaɗan in kifar da tiren.

Ya ce, “Ba aljana ba ce, Baba Asabe ce. Tsaya ki ga sauranta.”

Na tsaya. Daga ranar ban sake son fita daga ɗakin nan ba.

Akwatin ɗaukar hotonsa mai ido biyu ne, ɗaya bisa ɗaya. Ba a kai shi fuska, a kan ciki ake riƙe shi, mutum ya sunkuya ya duba ta sama. Fim ɗaya hoto goma sha biyu yake ci, ba ƙari. In ka ɓata ɗaya ya tafi, ba sharewa kamar naku. In an wanke fim ɗin shi ne negatif, wato uwar hoto, a jikinsa komai a juye yake: baƙin mutum fari, farar riga baƙa. Ni da ban iya karanta harafi ko ɗaya ba, na iya karanta wannan. In na ɗaga negatif a taga zan gaya miki wane ne, ɗan wane, kuma ko yana cikin farin ciki ranar.

Injin buga hoton yana da kai kamar tukunyar da aka kife, da fitila a ciki. A sa negatif a bakinsa, haske ya ratsa ya sauko kan takarda. Ranar da Malam ya fara barina in taɓa shi, ya sa negatif a tafin hannuna ya juya shi gaban jan ƙwan. Ya ce, “Dije, gefe biyu gare shi, ɗaya na sheƙi, ɗaya ba ya yi. Mai sheƙi sama. In kin kife shi hoton zai fito lafiya lau, ba abin da zai nuna miki, sai dai dama ta koma hagu.” Sau ɗaya ya faɗa. Shi ba mai maimaita magana ba ne.

Agogo yake aiki da shi, ni kuwa ban san lamba ba, sai na nemo nawa. Haske a kan takarda Subhanallahi takwas, in negatif ɗin mai kauri ne sha biyu. A tiren farko Ƙulhuwallahu bakwai, ba sauri. Da ya gano ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce duk Treichville ba mai hoto mai albarka kamar namu. Ya gwada ni da agogonsa, bai same ni da kuskure ba. In zafi ya tsananta maganin kan yi ɗumi ya ƙona hoto, sai in je wurin masu kifi in sayo ƙanƙara in jera a gefen tire. Bayan magani sai wanki. A ɗauraye, a zubar, a sake, har sai yatsa ya daina jin santsi. Wanda ya yi ha'inci a wanki, hotonsa zai yi kyau yau, bayan shekara biyar ya koma ruwan goro. Je ki gidajen mutanenmu a Adjamé ki duba bango. Duk wanda kika ga bai canza ba, hannuna ya bi ta kansa.

Babbar wahalar aikin nan ita ce abin da wayar ƙawarki ta kasa: baƙar fuska a cikin farar riga. Wani Alhaji mai shigo da kaya daga Kano ya zo ranar Juma'a da shadda fara ƙal, shi kuma baƙi wuluk. In ka ba takarda hasken da zai fito da aikin wuyan rigar, fuska ta nutse. In ka bi fuska, riga ta zama fanko. Sai ka sa hannunka tsakanin fitila da takarda, ka yi wa fuskar inuwa kana motsa yatsu kaɗan kaɗan don kar gefen inuwar ya nuna, rigar kuwa ta ci gaba da shan haske. Takarda shida na ɓata a kan Alhajin nan. Ta bakwai da ta fito, har ɗan murmushin da yake ɓoyewa a gefen gemu ya bayyana. Malam ya daɗe yana kallo, ya ce, “Daga yau fuska taki ce.” Shi ke nan yabon da na samu, kuma ya ishe ni.

Mutanenmu hoton aikewa gida suke so. A yi wanka, a ari agogo, a ari rediyo a ajiye a gefe, a tsaya ƙyam kamar an haɗiyi taɓarya, don iyaye a can su ga ana lafiya a kurmi. Malam yana yi musu wannan. Amma in ya ce an gama, mutane suka saki jiki, sai ya sunkuya kan akwatinsa kamar yana gyara wani abu, ya ƙara ɗaya. Shi yake kira hoton bayan hoto. Akwai wani gida a Bracodi da muka yi wa aiki, maigidan ba shi da lafiya amma ya daure ya sa babbar riga. Da aka gama ya zauna a kan turmi, matarsa ta durƙusa tana hura masa koko a ludayi, ƙaramar 'yarsu ta kwantar da kai a gwiwarsa. Da muka nuna musu wannan matar ta ce, “Haba Malam, ban ko ɗaura ɗankwali da kyau ba, kai wannan can.” Na adana shi. Bayan shekara ashirin yarinyar ta zo, ta zama uwa, ta ce an gaya mata muna da fuskar babanta. Na je kai tsaye ga gwangwanin. Gwangwanayen madara ne, kowanne na ɗaura masa tsumma: ja na Bracodi, shuɗi na Bromakoté, kore na Treichville, a ciki kuma gida gida. Ta zauna a ƙasan shago ta rungume hoton, har la'asar ba ta tashi ba.

To, yanzu mun zo ga Habu.

Habu mai albasa ne, ɗan wani ƙauye kusa da Galmi, yana zaune a Bromakoté a gidan Alhaji Mamman, wanda shi ne mai masaukin mutanen yankinsu kuma babba a cikinmu. Matar Habu ta haifi ɗa namiji, aka kira Malam ranar suna. Ya yi hoton tsayuwa kamar kullum. Bayan an shafa fatiha Habu ya durƙusa gaban liman yana miƙa masa goro da hannun dama, hagu na tallafe da gwiwar hannun, liman ya tara tafi biyu. Fuskar Habu a lokacin, kunya da murna sun haɗu sun rasa wanda zai ba wani hanya. Malam ya ɗauke shi bai sani ba. Da ya ga negatif ɗin ya ce wannan ne na aikewa gida.

Makon nan aiki ya yi mana yawa, bayan salla ne. Malam na bugawa da safe, in ya fita ɗauka ni in karɓa, duk a tari ɗaya muke zubawa. Ina goye da uwarki, Takwara, tana haƙori tana ta kuka. Na zo kan na Habu wuta ta ɗauke. Ina lalube negatif ɗin ya faɗi ƙasa, na tsince shi na goge da bakin zane. Da wuta ta dawo na tura shi cikin inji ban duba ba. Na yi wa fuskar inuwa da kyau, hoton ya fito kamar ya yi magana. Habu ya zo ya karɓa a cikin ambulan yana sauri, ya miƙa wa direban motar albasa da ke shirin komawa. Shi kansa bai tsaya ya ƙare masa kallo ba.

Abin da ba mu sani ba, Habu da hagu aka haife shi. Mahaifinsa malami ne mai zafi, ya sha ɗaure masa hannun da rawani yana yaro, shekara da shekaru, har ya koma dama. Wannan ne abin alfaharin tsohon, ya gyara ɗansa.

Bayan wata ɗaya da rabi, da hantsi, ina cikin ɗakin duhu na ji sallama. Habu ne da Alhaji Mamman, da rediyo mai cin kaset. A zamanin, wanda bai iya wasiƙa ba kaset yake aikowa. Suka kunna. Muryar tsoho ce, ba ya ihu, shi ya fi ciwo. Ya ce ya ga hoto. Ya ce ashe duk wahalar da ya sha a banza, da yaro ya tsallake ido sai ya koma halinsa, har ya miƙa wa limami goro da hannun tsarki a gaban jama'a, ya kuma aiko masa don ya gani. Ya ce kar Habu ya sake aiko masa da komai, kuma jaririn da aka sa wa sunansa a canza masa suna.

Habu yana kuka kamar yaro. “Wallahi Malam da dama na ba shi. Kowa yana wurin. Ka kashe ni, Malam.”

Ina bayan baƙin labule, tsakanina da su bai fi taku uku ba. Tun kafin kaset ya ƙare na san abin da ya faru, na tuna faɗuwar negatif ɗin, na tuna bakin zanena. Na ji Malam ya jawo gwangwani yana dubawa.

Alhaji Mamman ya ce, “Malam, mu yi maganar manya. An daɗe ana gaya min ka sa iyalinka a ɗakin wanki, na yi shiru don ina ganin girmanka. Hotunan mazan mutane, matar aure na shafa su a cikin duhu. In ita ce ta yi, ka faɗa. A mayar da ita cikin gida inda ya dace da ita, mu ba yaron nan haƙuri, magana ta mutu a nan.”

Ku yaran yanzu ba ku san nauyin bakin Alhaji Mamman ba. In ya ce a mayar da ni, an mayar da ni ke nan, don duk masu zuwa shagonmu ta ƙofarsa suke bi. Na dubi tire ukun nan, na dubi jan ƙwan, na ce a raina yau na rabu da ku.

Sai na ji Malam ya ce, “Alhaji, ni na buga shi. Na tuna, da safe ne, ina sauri zan fita. Ni na kife shi.”

“Ka tabbata?”

“Shekarata nawa a aikin nan? Na san abin da hannuna ya yi.”

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Takwara, rubuta wannan da kyau. Ina tsaye, labule kawai zan ɗaga. Ban ɗaga ba. Da suka tafi ya shigo ya ce, “Kin ga abin da sauri ya jawo min.” Ya faɗe shi da gaske, fuskarsa a ɓace, har na ce a raina ashe ya yarda shi ne. Tarin ɗaya ne, hannu biyu, wa zai rarrabe? Na buɗe baki, sai na tuna maganar Alhaji, na rufe. Na ce gobe zan faɗa. Goben nan ce ta yi shekara arba'in.

Ya buga hoton daidai, ya ce ba zai aika ba, da ƙafarsa zai kai. Ya rufe shago ya hau motar albasa, kwana da kwanaki a kan hanya, shi da ba ya jure mota. Abin da ya faru can, direban ne ya fara ba da labari, daga baya na ji daga bakinsa. Tsohon ya ƙi karɓar sabon hoton, ya ce wanda ya iya juya ɗaya ya iya juya biyu, ta yaya zai san na gaskiya? Sai mahaifiyar Habu ta yi magana daga bayan zana. Ta ce, “Tun ranar na gaya maka, ka ce mace me ta sani. Billen yaron nan a kuncin hagu yake, ni na riƙe shi wanzami ya yi. A wancan hoton a dama yake. Kai ka haife shi, amma ba ka san fuskarsa ba.” Malam ya fito da negatif ya ɗaga wa rana, ya nuna wa tsohon ta nan, ya juya ya nuna masa ta can. Billen ya yi tsalle daga kunci zuwa kunci, hannun ma haka. Tsohon ya sa aka juya masa har sau huɗu. Ya share ido da hannun riga, sannan ya ce, “To ashe ɗana lafiyarsa lau. Kai ne bahagon.” Duk zauren aka fashe da dariya.

Sunan ya riga shi dawowa. Kafin ya sauka a Adjamé, daga kasuwar Guro har bakin gada kowa ya ji.

Wannan ce muguwar shekararmu. Masu suna da masu biki suka ɗauke ƙafa. In ya wuce da akwatinsa a Bromakoté sai ka ji an ce, “Bahago, zo ka ɗauke ni, amma bari in juya hulata tukuna.” Wani ya ce, “Kar ka kira shi, zai mayar maka da amarya uwargida.” Wani ya kawo hoton da aka yi masa shekara uku baya wai a duba masa ko shi ne. Muka koma ƙananan hotunan takardar aiki na ma'aikatan tashar jirgin ruwa, su ba ruwansu da hagu da dama. Ni kuma na kafa kaskon waina a ƙofar shago da safe. Akwai ranakun da garin rogo da ɗan kifi kawai muka ci. Duk lomar da na ga ya kai baki sai in ji kamar ni na rage masa ita. Bai taɓa yin tsaki a gabana ba. Makullin ɗakin duhu kuwa yana nan a ƙusarsa inda hannuna ke kaiwa, bai matsar da shi ba.

Wanda ya fara dawo mana da mutane Habu ne. Tsohonsa ya aiko da sabon kaset yana sa albarka, har da saƙon cewa a ƙara masa hoton jikan. Habu ya riƙa zagawa da hoton nan a aljihu yana cewa wane mai hoto ne zai hau motar albasa har Galmi saboda kuskure ɗaya? A hankali ba'a ta koma talla. Wata rana Malam ya kira mai fenti ya ce a goge allon shago a rubuta Foto Bahago. Na ce, “Malam, sunan zagi za ka rataya a ƙofarka?” Ya ce, “Na saye shi da tsada, ba zan bar shi a titi ba.”

Ni kuwa tun daga ranar ban sake tura negatif cikin inji ba sai na juya shi gaban jan ƙwai sau uku. Yana gani. Bai taɓa tambayata dalili ba, bai kuma taɓa sake faɗa min wace fuska ce sama ba.

Sana'ar nan ta yi mana komai, alhamdu lillahi. A cikinta muka aurar da 'ya'ya huɗu, a cikinta muka sauke farali mu biyu. Da hoto mai launi ya shigo, manyan injuna suka cinye kasuwa, abokan aikinsa da yawa suka rufe. Mu muka rage saboda gwangwanayen nan. A shekarun tashin hankali mutane da yawa sun bar gidajensu ba su ɗauki komai ba, da ƙura ta lafa sai suka riƙa zuwa suna tambaya ko muna da uwarsu, ko muna da ɗansu. Sau da yawa muna da su. Kuma ba na tsayuwar suke nema ba, na bayan hoton suke so, inda uwar ke dariya da haƙorin Makka a waje, ko uban ya yi barci da jariri a ƙirji. Jaririn sunan nan ma, ɗan Habu, yanzu shi ke da manyan motocin albasa. Ranar jana'izar Malam shi ya shiga kabari ya karɓe shi.

Na yi niyyar faɗa masa, Allah ne shaida. Na yi niyya a Arfa, na ce in mun sauko. Na yi niyya ranar auren uwarki. Kullum sai in ga yana cikin walwala in ce kar in ɓata masa, ko in ga yana cikin damuwa in ce kar in ƙara masa. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji ya dube ni ya ce, ashe kina bayan labule kika yi shiru.

Hawan jini ne ya kayar da shi, ya shanye masa ɓarin dama, harshensa ya yi nauyi. Wata bakwai yana kwance. Ya ƙi a ba shi abinci a baki, sai ya ci da hagu, yana zubarwa yana dariya da rabin fuska. Da abokansa suka zo dubiya ya ɗaga musu hannun hagun, da ƙyar ya ce, “Sunan ya tabbata.” Suka yi dariya suna share hawaye. Ni na fita tsakar gida, don a wurina ba abin dariya ba ne.

Ranar wata Litinin da hantsi rana ta fito bayan kwana uku ana ruwa, na kwaso gwangwanayen na buɗe su a ɗakinsa kusa da taga. Ya nuna mai shuɗin tsumma. Na kawo. Na riƙa ɗaga masa ɗaya bayan ɗaya yana girgiza kai, har na zo kan na Habu. Ya ɗaga yatsa. Na riƙe masa shi a hasken taga, ga Habu a durƙushe da farar fuska da baƙar riga. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo ya dube ni, irin kallon da ya yi wa hoton Alhaji mai shadda, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga. Ya yi magana, kalma ɗaya ɗaya, amma ban taɓa jin harshensa ya fita sarai haka ba tun da ya kwanta.

Na sauke negatif ɗin. Kafin in haɗa abin da zan ce ya lumshe ido, barci ya ɗauke shi. Na ce in ya farka. Ya farka, amma bakin bai sake buɗewa ba, ranar Laraba bayan azahar ya cika. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya saka masa da abin da ni ban iya saka masa ba.

Don haka ki gaya wa ƙawayenki, ki gaya wa duk wanda ya tambaya: kakanki ba bahago ba ne, ko a hannu ko a aiki. Sunan nawa ne, shi ya ɗaukar min, kuma yana sane. Rubuta abin da ya ce min ranar Litinin ɗin nan, ki ajiye alƙalamin, na gaji.

“Dije, wannan karon ki duba. Mai sheƙi sama.”